Darasi na Bakwai: Ire-iren Batura da Ma'adinan da Ake Haɗa Su

Gabatarwa

Batir ma'aji ne na wutar lantarki. Bahaushe ya daɗe da sanin batirin mota na darma da ruwan batir, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a shekarar 1859. Sai dai nauyinsa ya yi yawa, wutar da yake riƙewa kuma kaɗan ce. Wannan ya sa motocin lantarki da rumbunan adana wutar hasken rana suka koma ga batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991.

Kashe-kashen Batirin Litiyam

Fitattu a cikinsu guda biyu ne:

1. NMC: Ana haɗa shi da litiyam da nikel da manganis da kobal. Yana riƙe wuta mai yawa, don haka motar takan yi tafiya mai nisa kafin a sake caji. Aibinsa shi ne tsada.

2. LFP: Ana haɗa shi da litiyam da ƙarfe da fosfet. Bai kai na farko riƙe wuta ba, amma ya fi shi araha da ƙarko, kuma ba ya saurin kamawa da wuta.

Tushen Ma'adinai

Abin lura a nan shi ne, irin batirin da masana'antu suka zaɓa shi ke nuna ƙasar da za a nufa neman ma'adinai. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ake haƙo shi, inda ake kokawa da sanya yara aikin haƙa. Indonesiya ce kan gaba a nikel, Ostareliya kuma a litiyam, yayin da ƙasar Sin ta mamaye aikin tacewa. Duk lokacin da LFP ya ƙara karɓuwa, dogaro da kobal yakan ragu, amma buƙatar litiyam tana nan daram. A nan ne Nijeriya ta shigo, domin a 2024 an buɗe masana'antar sarrafa litiyam a Jihar Nasarawa.

Kammalawa

Ƙasar da ke sayar da ɗanyen dutse, ta sayo batir da tsada, ita ce da asara. Wajibi ne malamin Hausa ya iya bayyana wa ɗalibansa wannan batu cikin harshensu.

Auna Fahimta

1. Kawo bambanci biyu tsakanin NMC da LFP.
2. Tsamo kalmomin aro biyar daga darasin, ka nuna yadda aka Hausantar da su.