Kafin Ka Ɗaga Tsohon Kafet: Shimfiɗa Ƙasan Ɗaki da Hannunka a Ingila

Wanda ya taso a Kano ko Damagaram ya san ledar ɗaki: a auna, a je kasuwa a yanko, a share siminti a shimfiɗa, an gama. A Ingila lamarin ya fi haka tsawo, kuma baƙo yakan ci karo da shi da wuri. Yawancin gidajen kansul, wato ƙaramar hukuma, ana miƙa makullinsu ne babu komai a ƙasa sai siminti ko tsohon katako, in ka cire kicin da banɗaki. Ga sanyi, ga yara masu rarrafe, ga kuɗin lebura da ba ya taɓuwa. Aikin nan za ka iya yinsa da kanka. Sai dai mafi yawan asarar da mutanenmu ke yi tana faruwa ne tun kafin a ɗora fallen farko.

Fara da izini. In haya kake, ka nemi yardar mai gida a rubuce, ko da ta imel ce, domin "ai ya ce ba komai" ba ta tsayawa shaida ranar tashi. Tun dokar 2019, kuɗin ajiyar da ake karɓa a yawancin gidajen haya bai wuce kuɗin hayar mako 5 ba, kuma daga cikinsa za a yanke in ka sauya ƙasan ɗaki gaba gaɗi. In a bene kake, ka karanta takardar hayarka da kyau. Kansul-kansul da yawa sun hana sa laminet, wato falle-fallen ƙasa masu kama da katako, a saman bene saboda ƙara. Tafiyar da kai ba ka ji, maƙwabcin da ke ƙasa yana jin ta a tsakar kansa, balle ranar suna da gida ya cika da baƙi. Ana iya tilasta maka cire shi da kuɗinka.

Abu na biyu shi ya fi tsaya mini a rai, don ya shafi rai. In ka ɗaga kafet ka tarar da ƙananan tayil na roba masu tauri, sau da yawa inci 9 kowane gefe, manne da baƙin gam mai kama da kwalta, ka dakata. Sai a 1999 aka haramta asbestos gaba ɗaya a Birtaniya, don haka duk gidan da aka gina kafin 2000 yana iya ɗauke da shi a irin wannan tayil ko a gam ɗin. Muddin yana kwance lafiya ba ya cutarwa. Kankarewa da fasawa ke tada ƙurar da ke maƙalewa a huhu, ciwon kuma ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Kada ka kankare, kada ka goge da inji, kada ka share da tsintsiya. Kira mai gida ko kansul a zo a gwada.

Sai zaɓin kaya. A shaguna irin su B&Q da Wickes za ka ga iri uku. Katako na gaske yana da kyau da tsada, sau da yawa sai da gam ko ƙusa, ba aikin ɗan koyo ba ne. Laminet ya fi araha: garin katako ne da aka matse, aka manna hoton itace a sama, aka rufe da shafe mai tauri. Ka duba lambar ƙarfinsa a jikin kwali. AC3 ya isa ɗakin kwana, falo mai yara ya fi son AC4. Na uku shi ne leda, ko ta naɗi irin tamu, ko mai falle-falle da suke kira LVT, wadda ke shiga juna kamar laminet.

A nan ya kamata ka dubi yadda gidanka yake rayuwa. Mu mutanen ruwa ne. Alwala sau biyar, buta a banɗaki, a fito da jiƙaƙƙiyar ƙafa, uwargida kuma ba ta yarda ɗaki ya tsarkaka ba sai tsumma ya sha ruwa. Laminet ba ya jure wannan. Ruwa na bin tsakanin falle, cikin ya kumbura, bakin ya ɗago, kuma ba ya komawa. Don haka ƙofar banɗaki, kicin da hanyar shigowa, leda ce maganinsu. A bar laminet ga ɗakunan kwana, a riƙa goge shi da tsumman da aka matse sosai.

In ka auna tsawo da faɗi, ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanke-yanke. Ka kwantar da kwalayen a cikin ɗakin har awa 48 su saba da zafinsa. Share ƙasa tas, ka ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya ka leƙa ƙarƙashinta. Inda haske ya ɓullo sosai akwai kwari, a cike shi da simintin daidaitawa, in ba haka ba haɗin zai riƙa kuka har ya karye. A kan siminti ana fara sa ledar hana danshi, sannan siririn soson da ke rage ƙara.

Ga abin da aka fi mantawa: a bar tazarar milimita 8 zuwa 10 tsakanin laminet da bango, ko'ina, har kewayen bututun hita. Da hunturu hita na busar da iska ya tsuke, da bazara ya sha danshi ya buɗe. In bai sami wurin motsi ba sai ya yi tozo a tsakiyar ɗaki. Siririn katakon da ake bi da shi gindin bango zai rufe tazarar, amma a jikin bango ake kafa shi, ba a jikin laminet ba.

Haɗin kansa ba wuya. Ka karkata falle kaɗan, ka zura harshensa cikin ramin na kusa, ka danna ƙasa har ka ji ƙas. Kada gaɓoɓin layi biyu su zo daidai da juna, a raba su da aƙalla santimita 30. Zarto, tef ɗin awo, fensir da gudumar roba sun ishe ka; leda kuwa wuƙa mai kaifi ke yankanta. Kada ka buga ƙusa cikin tsohon katakon ƙasa ba tare da ka san abin da ke ƙarƙashi ba, domin bututun ruwan hita da wayoyin lantarki ta nan suke bi. In ƙofa ta fara gogar ƙasa ana rage gindinta, sai dai ƙofar shiga gidan bene yawanci ta kariyar gobara ce, ba a taɓa ta sai da izini.

Tsohon kafet da gutsattsari ba a ajiye su bakin titi, akwai tara mai nauyi. Kai su wurin zubar da shara na kansul ɗinku. Wasu sai ka nemi lokaci ta intanet, ka tafi da shaidar adireshi. Ka ajiye falle biyu ko uku tare da bakin kwalin da ke ɗauke da lambar kayan, don launi kan ɗan bambanta in ka koma saye daga baya.