Hangen Dala, Ɗiyata

Mahaifiyarki ta ce mini kwanan nan ba ki da zance sai na waƙa da fim, kuma akwai wata tsohuwar waƙar Amurka da kike ta maimaitawa a waya. Da ta faɗi sunanta, Fame, sai na ji sanyi a raina. Ai waƙarmu ce wannan. Kusan sa'ar mahaifiyarki ce ma.

A kaset ta iso mana, muna 'yammata. Ba duka kalmomin muke ji ba. Kiɗan ne ya fara kama mu, sai muryar yarinyar, mai ƙarfi, mai tashi sama ba fargaba. In aka kunna ta, mai shara kan tsaya da tsintsiya a hannu. Yau in na ji ta, fuskokin ƙawayena nake gani. Wasu suna nan da jikoki, wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Saboda haka kada ki yi zaton zan ce ki daina jin ta. Zauna dai in ba ki labarin gidan da ta fito, don na lura yawancin masu son ta yanzu ba su taɓa kallon fim ɗin da ta fito a ciki ba.

A 1980 fim ɗin ya fito. Wani Baturen Ingila mai suna Alan Parker ne ya ba da umarni. Michael Gore ya tsara kiɗan waƙar, Dean Pitchford ya rubuta baitocin, Irene Cara ta rera. Ita ce kuma ta fito a matsayin Coco, ɗaya daga cikin ɗaliban da labarin ke bi. Shekarar da ta biyo baya waƙar ta ci lambar Oscar, kiɗan fim ɗin gaba ɗaya ma ya ci tasa. A 1982 aka mayar da labarin shirin talabijin, aka yi ta nuna shi har 1987. Farin jinin shirin ne ya sa waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1982, shekara 2 bayan fitowarta.

Makarantar da ake magana a kai a fim ɗin ta gaske ce. Sakandare ce ta gwamnati a birnin New York, a kan titi na 46, inda ake koyar da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo. Ba a biyan kuɗin makaranta. Ɗan direban tasi da 'yar attajiri layi ɗaya suke bi ranar gwaji, kowa ya nuna abin da ya iya, a ɗauke shi ko a ce Allah ya ba da sa'a. A 1984 ta koma sabon gini tare da wata makarantar 'yar'uwarta, ƙarƙashin sunan LaGuardia, kuma har yau tana nan. Hukumar ilimin birnin ba ta yarda a ɗauki fim ɗin a cikin ainihin makarantar ba, don labarin bai yi mata daɗi ba. Dole suka nemi wasu gine-ginen.

Akwai wani wuri a fim ɗin da kowa ke tunawa. Mahaifin Bruno, ɗaya daga cikin ɗaliban, direban tasi ne, mai alfahari da ɗansa. Ya ɗaura lasifika a kan motarsa, ya zo ƙofar makaranta ya saki kiɗan da yaron ya haɗa. Ɗalibai suka kwararo titi, suka tare hanya, suka hau kan motoci suna rawa. Ni wannan uban nake so a wurin, fiye da masu rawar. Ɗansa mai kunya ne, ba ya son a ji aikinsa, shi kuwa uban zuciyarsa ta kasa haƙuri. Ga wani abu da zai ba ki mamaki: ranar da aka ɗauki wannan rawar, ba a ma gama waƙar ba. Da wata waƙar Donna Summer suka taka, daga baya aka ɗora wadda kike ji.

Ita waƙar, in kin saurara da kyau, kirari ce. Yarinya ce ke faɗa wa duniya cewa ba a san ta ba tukuna, amma za a san ta, kuma sunanta ba zai ɓace ba. Kamar ɗan dambe ne a tsakar fili, ya ɗaga hannu yana kirari kafin a gwabza. Kirari yana da amfaninsa, yana tsayar da zuciya. Amma kowa a filin ya san ba shi ne damben ba. Dawwama kuwa ta Allah ce shi kaɗai, wannan kin sani tun kina Islamiyya. Ban taɓa riƙe wa waƙar wannan ba. Ƙuruciya ce ke magana, kuma duk wanda ya taɓa zama ɗan shekara 17 ya san wannan zafin jinin.

Abin da nake so ki lura da shi, 'yan mintoci ne kawai waƙar ta ci a fim ɗin. Sauran duk aiki ne. An raba labarin daga ranar gwaji zuwa shekara ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu, har ranar yaye ɗalibai. Ana nuna gumi, da ciwon ƙafa, da malamar da ke kiran yarinya ta ce mata rawa ba hanyarta ba ce, ta nemi wani fannin. Ana nuna tsohon malamin kiɗa, Shorofsky, yana fama da Bruno. Yaron na ganin na'urorinsa na lantarki sun ishe shi, tsohon na cewa sai ya koyi kiɗa tare da mutane. Duk wanda ya kalli wannan ya san masu fim ɗin ba zuga yara suka zo yi ba.

Bari in tsaya a kan Leroy, don shi ya fi zama mini a rai. Bai zo neman gurbi ba. Rako ya yi, zai taya wata yarinya rawar gwajinta. Sai malamai suka ɗauke shi, suka bar ta. Baiwa ce Allah ya zuba masa a jiki. Amma karatu yana ba shi wuya ƙwarai, kuma yana ɓoye hakan da faɗa da taurin kai. Malamar Turanci, Misis Sherwood, ta ƙi ɗaga masa ƙafa. Shekara 4 suna kai ruwa rana. A ƙarshe wata babbar ƙungiyar rawa ta Alvin Ailey ta neme shi, amma sai ya gama makaranta tukuna, gamawar kuwa tana hannun malamar nan. Ya bi ta har asibiti da faɗa, ya tarar mijinta ne kwance ba lafiya. Nan jikinsa ya yi sanyi, ya zauna kusa da ita yana ba ta haƙuri. Da ina yarinya haushin malamar nake ji. Yanzu na san duk makarantar ba wanda ya ƙaunaci yaron kamarta. Wanda bai iya karanta takarda ba, wani ne zai riƙa karanta masa, kuma abin da ya ga dama zai faɗa masa.

Akwai kuma Michael, ɗan ajin ƙarshe, tauraron makaranta. Kowa na kallon sa, ga shi an kira shi Hollywood. Bayan wani lokaci ƙannensa na makaranta suka shiga wani gidan abinci, sai ga shi da faranti yana kai wa mutane. Ba abin kunya ba ne, sana'a ce, kuma neman halak ba ya rage mutum. Sai dai yaran sun fahimci abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, hangen Dala ba shiga birni ba.

Yanzu zan zo wurin da ya fi yi mini nauyi, amma gwaggo ba ta ɓoye wa 'yarta irin wannan. Coco, wadda ta fi kowa yarda da kanta, wani mutum ya same ta a wurin cin abinci. Ya ce shi darakta ne, ya yaba kyanta, ya ce ta zo a gwada ta. Ta tafi ita kaɗai. Ta tarar ɗaki ne da kyamara, ba kowa sai shi. Ya sa ta abin da bai dace ba, tana yi tana hawaye. Ba wawuya ba ce, ɗiyata. Yarinya ce mai wayo da basira. Ƙishirwar a san ta ce ta rufe mata ido, shi kuma mutumin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Irin waɗannan mutane ba a New York kaɗai suke ba. Yanzu ma sun samu sauƙi, ba sai sun bi gidajen abinci ba, saƙo ɗaya a waya ya isa. Duk wanda ya ce zai sa ki a fim, ko zai buga miki waƙa, amma ya ce ki zo ke kaɗai, ko kada ki faɗa a gida, to ya riga ya gaya miki ko shi wane ne. Mai aikin gaskiya yana da ofis, yana da mutane, kuma ba ya jin haushi don kin zo da yayanki.

Ita kanta Irene Cara fa? A 1959 aka haife ta a unguwar Bronx. Tun tana ƙarama take waƙa da wasa a talabijin, ba dare ɗaya ta tashi ta ga kanta a sama ba. A 1983 ta sake yin wata waƙar da ta game duniya, ta fim ɗin Flashdance. Wannan karon da ita aka rubuta baitocin, don haka ita ma ta karɓi Oscar da hannunta. Kowa ya ɗauka ta gama hayewa. Amma a 1985 sai ga ta a kotu da kamfanin da ke fitar da faifanta, tana cewa an riƙe mata haƙƙinta. Shari'ar ba ta ƙare ba sai 1993, aka yanke a biya ta dala miliyan 1.5. Shekara 8 ke nan, kuma su ne shekarun da muryarta ke kan ganiyarta. Ita da bakinta ta ce bayan ƙarar an yi mata tambarin mai wuyar sha'ani, ƙofofi suka rufe. Ta rasu a Florida a watan Nuwamba na 2022, tana da shekara 63. Ranar da na ji labarin na yi jimami kamar wata 'yar ajinmu ce ta tafi.

Gene Anthony Ray, wanda ya fito a Leroy, ɗan Harlem ne, kuma ya taɓa zama ɗalibin ainihin makarantar, amma bai kai ga gamawa ba. Ya yi suna ƙwarai, musamman a Turai. Rayuwa ta yi masa tsanani daga baya, ya rasu a 2003 yana da shekara 41. Ba na kawo shi don in zarge shi. Yaro ne da ɗaukaka ta faɗo wa tun bai kai 20 ba, kuma ba kowa ne ke samun mai riƙe masa hannu a irin wannan lokacin ba.

To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In da gaske kike son wannan hanya, ba ni ce zan tare ki ba. Na san zuciyarki mai kyau ce. Amma ki fara da mahaifinki. Ki zauna da shi cikin ladabi, ki faɗa masa abin da ke ranki, ki kuma saurari abin da yake tsoro, don tsoron nasa ba na banza ba ne. Kin san yadda ake kallon mace a wannan sana'ar a wurinmu, da irin maganar da ke bin ta har gidan aure. Wadda ta shiga da yardar iyaye tana da inda za ta koma in ruwa ya yi zurfi. Wadda ta shiga a ɓoye, ranar da aka cuce ta ma ba ta da bakin kai ƙara.

Sannan ki koya. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashen koyon wasan kwaikwayo, a Jos kuma akwai cibiyar koyon aikin fim ta ƙasa. A irin waɗannan wurare za ki gane aikin ya wuce tsayawa gaban kyamara. Akwai mai rubuta labari, da mai tace hoto, da mai haɗa sauti, kuma sau da yawa su ne suke daɗewa a sana'ar bayan an manta da fuskoki. Ko mawaƙanmu na da, da wuya ki ga wanda bai yi shekaru yana amshi a bayan wani ba kafin ya tsaya da ƙafarsa. Sannu ba ta hana zuwa. Yanzu yarinya kan yi bidiyo ɗaya a TikTok, gari ya waye kowa ya san ta. Abin da ba a faɗa mata shi ne, wata mai zuwa wata ce za ta maye gurbinta, bidiyon kuwa yana nan, 'ya'yanta ma za su gani.

Duk takardar da aka miƙo miki, kada ki sa hannu a ranar. Ki ce za ki tafi da ita gida. Ki karanta, ki ba wanda ya san doka ya karanta. Ki tambaya: waƙar nan in ta fita, ta wace ce? In aka saka ta a YouTube, kuɗin aljihun wa zai shiga, kuma har zuwa yaushe? Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya ɓata rai don kin yi tambaya, ki gode wa Allah da ya nuna miki shi da wuri.

Akwai wata waƙa ta biyu a fim ɗin, Out Here on My Own. Irene Cara ce dai ta rera, Lesley Gore, yayar Michael Gore, ta rubuta baitocin, kuma ita ma an sa ta cikin masu neman Oscar a shekarar. Ba taro, ba rawa a titi. Coco ce zaune gaban fiyano, tana faɗin kaɗaici da shakkar da take ɓoye wa mutane. Da muna yara mukan wuce ta da sauri mu koma mai zafin. Da shekaru suka ja, ita na fi nema. Ki saurare ta ita ma, don yarinya ɗaya ce ta yi su duka biyun.

In an yi hutu ki zo ki kwana biyu a wurina, mu kalli fim ɗin tare. Akwai wuraren da ba na yara ba, da baƙaƙen maganganu, waɗannan za mu tsallake. Ki taho da littafin da kike rubuta waƙoƙinki a ciki, ina son in ji su da muryarki. Ki gaida mahaifinki, ki ce masa ina nan tafe mu yi maganar tare.