Wane Ne Furodusan Waƙa?

Malam Aminu daga Ƙauran Namoda ya aiko da tambaya: mene ne aikin furodusa a harkar waƙa, kuma ana cin abinci da shi?

To, Malam Aminu, mun gode ƙwarai. Furodusa shi ne mai haɗa kiɗa a situdiyo. Mawaƙi kan zo da baitocinsa da karinsa, ya rera. Furodusa ya kasa kunne, ya nemo karin a kan fiyano, ya ɗora ganga da kalangu, sannan ya shigar da mawaƙi ƙaramin ɗakin ɗaukar murya. In baiti ya karkace, furodusa ne zai ce a sake, ko da sau goma ne. Daga nan ya zauna gaban kwamfuta yana tace sauti, har muryar 'yan amshi ta zauna daidai ba ta danne ta mai waƙa ba.

A da, irin su Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Kassu Zurmi, su da yaransu ke tsara kiɗansu. Yau wannan nauyi ya koma kan furodusa.

Ana cin abinci da shi, Malam Aminu, amma sai an yi haƙuri. Da yawa daga cikin masu sana'ar sun fara ne da zaman yaron situdiyo, musamman a titin gidan Zoo a Kano, suna koyon fiyano da manhaja irin FL Studio. Abin da ke damuna, sau tari waƙa kan zaga gari ba a san wanda ya haɗa kiɗanta ba. Don haka in ka shiga sana'ar, kai da mawaƙi ku yi yarjejeniya a rubuce tun kafin a fara aiki: kuɗinka nawa, kuma a ambaci sunanka.