Ina Tururin Fetur Yake Zuwa?

Idan ka doshi teburin mai sayar da fetur a kwalba, hancinka zai gaya maka tun kafin ka iso. Warin nan fetur ne da kansa, ya zama tururi yana bin iska. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Hawandawaki da sauran ƙasar Tasawa, ya fi saurin tashi.

A cikin tankin mota ma haka yake tashi. Motocin da can suna sakinsa ne waje kawai. Wajen shekarar 1971 Amurka ta kafa doka a riƙa tare shi, domin yana ɓata iskar da mutane ke shaƙa. Daga nan dabarar ta bazu.

Ga yadda take aiki. Akwai siririn tiyo da ya taso daga saman tanki zuwa wani baƙin gwangwani na roba. A wasu motoci gwangwanin yana kusa da tanki, a wasu yana wajen inji. Cikinsa gawayi ne da aka sarrafa, mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Mota tana ajiye a rana, tururi na tashi, gawayin na riƙe shi kamar yadda soso yake riƙe ruwa. In an tayar da inji ya yi zafi, sai wani ɗan bawul ya buɗe. Inji ya zuƙo iska ta cikin gawayin, ta kwaso tururin, a ƙone shi tare da sauran mai. Ka ga abin da zai salwanta ya koma tafiya.

Direbobi da yawa sukan ce wa mai zuba mai, "Ƙara, cika shi har baki." Wannan ɗabi'a tana kashe gwangwanin. Tururi ne gawayin yake iya riƙewa, in ruwan fetur ya malala ciki sai ya jiƙe ya lalace. Daga nan mota ta fara wari, wani lokaci ta yi gardamar tashi bayan an sha mai. In famfo ya tsaya da kansa, a bar shi haka.

A duba murfin tanki kuma. Robarsa in ta tsage, tururi zai riƙa zurarewa, a sababbin motoci har fitila mai siffar inji takan kama a gaban direba. In wari bai daina ba, a kai wa makanike. Kada a haska ƙarƙashin mota da ashana, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya.