Auren zumunci da bizar Amurka

Wata mai sauraro daga Zariya ta aiko da tambaya: ɗan baffanta ne mijinta, yana zaune a Amurka, shin auren zumunci zai hana ta biza?

Amsar tana ga jihar da za su zauna. Hukumar shige da fice ta Amurka tana karɓar auren da ya halatta inda aka ɗaura shi, muddin dokar jihar ba ta ƙi shi ba. Kalifoniya da New York sun halatta auren 'ya'yan wa da ƙani. Texas kuwa laifi ta ɗauke shi, can ne biza ke iya cijewa.

Kada malama ta ɓoye zumuncin in an tambaye ta, domin yi wa jami'in biza ƙarya kan jawo haramcin shiga na dindindin.