Yadda Ake Gyara Wuyan Jitar Lantarki Idan Ya Lanƙwashe Ko Ya Tsage

Duk wanda ya taɓa kallon Bombino ko Mdou Moctar a YouTube ya san yadda jitar lantarki ta samu gindin zama a Agadez da kewaye. Sai dai ita wannan jita ba ta shiri da yanayinmu. Masu ƙera ta sun fi son a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali da hunturu laimar kan faɗi ƙasa da kashi 20 a Kano ko Damagaram. Katako kuwa idan ya bushe, motsawa yake, kuma wuya ne ke fara nunawa.

Tsirkiyoyi shida na jita suna jan wuyanta da ƙarfin da ya kai kusan kilo 45, dare da rana. Abin da ke hana wuyan sallamawa shi ne wata sandar ƙarfe da aka binne a cikinsa, wadda masu gyara ke kira turos rod. Kamfanin Gibson ne ya samu rajistar mallakar fasaharta a 1923. Wasu jitocin da ake cewa sun lalace, wannan sandar ce kawai ke neman saiti.

Kafin a taɓa komai sai an auna. A saita sautin tsirkiyoyi da manhaja irin su GuitarTuna, domin awon da aka yi tsirkiya na sake aikin banza ne. Daga nan a danne tsirkiya mafi kauri a furet na farko da na ƙarshe lokaci guda. Furet su ne ƙananan ƙarafan da ke jere a kan allon yatsu. Sai a dubi tazarar da ke tsakanin tsirkiyar da furet na 8. Abin da Fender ke ba da shawara ga yawancin jitocinsa shi ne kusan milimita 0.25. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, saboda haka idan ya shige ƙarƙashin tsirkiyar ba tare da ya taɓa ta ba, wuyan ya lanƙwashe da yawa. Idan kuma babu tazarar sam, wuyan ya koma baya, shi ya sa tsirkiya ke gogar ƙarfe tana ziza.

Idan tazarar ta yi yawa, a ɗan sassauta tsirkiyoyi a juya sandar yadda hannun agogo ke tafiya. Idan babu tazara, a juya ta akasin haka. Kada a wuce rubu'in zagaye a lokaci guda, a kuma bar katakon ya zauna na wasu awoyi kafin a sake awo. Alankin da za a sa dole ya zama daidai da ramin, domin na kasuwa da ya ɗan yi ƙanƙanta cinye bakin notin yake yi. In sandar ta cije, a tsaya. Sandar da ta karye a ciki sai an ɓamɓare allon yatsu kafin a kai gare ta, kuma a jita mai araha kuɗin wannan aikin ya kan fi kuɗin jitar.

Matsalar da hunturu ya fi kawowa ita ce bakin furet ya leƙo gefen wuya yana yankan hannu. Allon ne ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa. A manna salatif ɗin takarda a kan katakon, a goge bakin kowane furet da ƙaramin magagari a hankali. Gara a yi wannan aikin a tsakiyar hunturu, lokacin da katakon ya gama tsukewa, don kada a maimaita shi baɗi.

Idan a wuri ɗaya kawai ake jin zizar, wataƙila furet guda ne ya ɗago. A yanko ɗan guntun tsohon kati mai miƙaƙƙen gefe, a ɗora shi a kan furet uku. In ya yi lilo, na tsakiyar ya fi tsayi. Ɗigon sufa gulu mai ruwa-ruwa a gindinsa, a danne na minti biyu, yakan isa.

Tsagewa ita ce mai tayar da hankali. Jita irin Les Paul ta yi suna wajen karyewa a bayan kai, saboda kan ya karkata baya kuma katakon wajen siriri ne. Nan take a kwance tsirkiyoyi duka, kada kuma a riƙa sa yatsa cikin tsagar, domin maiƙon hannu yana hana gam kamawa. A tura farin gam ɗin kafinta har can ciki da sirinji, a matse da abin matse katako tare da tsumma a tsakani, a share wanda ya tsattsafo, a bar shi awa 24 cif. Sufa gulu bai dace da nan ba: yana bushewa kafin a daidaita ɓangarorin. Mai Stratocaster ya fi sa'a, tunda sukurori huɗu ne ke riƙe wuyan, ana iya cire shi a sa wani.

Allon da ba a yi wa fenti ba, irin mai duhun nan, yana son ɗigon man da aka yi don allon jita sau ɗaya ko biyu a shekara. Man gyaɗa ko man ja kuwa wari za su yi, su tara ƙura. Farin allo mai sheƙi tsumma kawai yake buƙata.

Bayan an gama, a koma kan waya. A kaɗa tsirkiya haka nan, sannan a danne ta a furet na 12 a sake kaɗawa. Manhajar ta nuna harafi ɗaya, allura a tsakiya. Idan na biyun ya haura, a ja mazaunin tsirkiyar baya, nesa da wuya. Idan ya gaza, a matso da shi gaba, a sake saita sauti a gwada.