Aikin Lambu a Kwarin Jakara

Duk wanda ya san Kano ya san Jakara, watau rafin nan da ya taso daga cikin birni wajen Kasuwar Kurmi, ya bi ta Fagge da gefen Sabon Gari, ya nufi arewa maso gabas, inda aka datse shi a Wasai cikin 1976. Fagge tsohon zangon fatake ne tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, Sabon Gari kuwa sai cikin 1913 aka kafa shi, bayan isowar jirgin ƙasa. Da jama'a ta yi yawa, bukatar kayan miya ta ƙaru, masu lambu suka sami ruwa kusa da kasuwa.

Amma kwari ne, ruwan unguwanni duka can yake gangarawa. Ruwan Kano kuwa ya fi ƙarfi cikin watan Agusta. To, a nan ne masu koyo suke ɓata aiki, gama sun ga fangalin rani sun ɗauka shi ne lambu kullum. Da rani mukan yi fangali ƙasa-ƙasa domin ya riƙe ruwan da muka ɗebo. Da damina sai mu juya al'amarin, mu ta da kunya.

Ga dalili. Saiwa tana shaƙar iska kamar yadda mu ke yi, iskar kuwa tana cikin 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya kwanta ya cika kafofin nan, saiwa ta shaƙe. Tumatir ba ya jimre wannan fiye da kwana biyu ko uku. Abin mamaki, sai a ga ganyensa ya yi yaushi kamar mai ƙishi, alhali yana tsaye cikin ruwa. Wanda bai sani ba ya ƙara masa ruwa, ya ƙarasa shi.

Saboda haka kunya ta kai ƙafa guda a tsayi, fāɗinta kada ya wuce ƙafa huɗu, domin hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ba. Tsakanin kunya da kunya a bar hanyar ruwa mai gangara zuwa rafi, a riƙa yashe ta. Mu haɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, shi ke sa laka ta saki. Kada a cusa shuka; inda iska ba ta ratsawa ganye ba ya bushewa, nan funfuna ke kamawa. Iri kuwa a yafa shi a wuri mafi tudu, a yi masa 'yar rumfar ciyawa, gama tsiro ƙarami daga wuya yake ruɓewa.

A ganinmu gardama da wuri ba ta da amfani. Can ƙasa kusa da ruwa a sa gwaza da rake, su ba ruwansu da laima. Alayyafo, rama da kuɓewa su hau kunya. Albasa da latas a jira da su har kaka.

Saura abu guda mai nauyi. Jakara tana ɗauke da ƙazantar lambatun gari, a gaba kuma rafin Getsi ya kawo mata ruwan masana'antun Bompai. Ganyen da ambaliya ta rufe, in irin wanda a ke ci ɗanye ne, kada ya je kasuwa, kada ya shiga gida. Ta haka amai da gudawa ke yaɗuwa. A tumɓuke shi a binne.